Yadda ake kafa kamfani a Tsibiran Virgin na Birtaniya, da abin da ke biyo bayan rajista

A gabashin Puerto Rico, cikin tekun Karebiyan, akwai wasu ƙananan tsibirai da ke ƙarƙashin Birtaniya, waɗanda lauyoyi da 'yan kasuwa suka fi sani da BVI. Mazaunansu dubu talatin ne da ɗoriya, amma kamfanonin da ke da rajista a babban birninsu, Road Town, a tsibirin Tortola, sun haura dubu ɗari uku. Galibin masu waɗannan kamfanoni ba su taɓa taka ƙasar ba, kuma doka ba ta nemi su taka ba. Harkar ta kankama ne da dokar kamfanonin ƙetare ta 1984, ta ƙara bunƙasa bayan da Amurka ta mamaye Panama a 1989, lokacin da masu kuɗi suka shiga neman wani wurin mai kwanciyar hankali. A 2004 aka yi sabuwar dokar kamfanoni, wadda ita ake aiki da ita har yau tare da gyare-gyarenta. Kuɗin da ake ci da shi a can dalar Amurka ce, kuma fiye da rabin abin da gwamnatinsu ke samu daga wannan harka yake fitowa.

Abin da ke jan mutane a fili yake. Kamfanin BVI ba ya biyan harajin riba a can, ba ya biyan haraji idan ya sayar da kadara da riba, mutum ɗaya zai iya mallakarsa kuma ya zama daraktansa, sannan shari'arsa a kan tsarin dokar Ingila take. Akwai kotun kasuwanci ta musamman a Road Town tun 2009, kuma ɗaukaka ƙara ta ƙarshe Landan take zuwa. A ganina wannan na ƙarshen shi ne amfanin gaske, ko da yake masu talla ba su cika ambatonsa ba.

Sai dai yin rajistar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne abin da ya kamata su yi kafinta da abin da ke jiransu bayanta. Shi ya sa na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su, ba yadda dillalan intanet ke jera su ba.

Mataki na farko: me kamfanin zai yi maka?

Ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kano mai fitar da riɗi, wanda zai haɗa jari da wani Baturke da kuma wani mai kuɗi a Dubai. Baturken ba ya son rigimarsu ta je kotun Najeriya, shi kuma Bakanon bai san kan dokar Turkiyya ba. Sai su kafa kamfani ɗaya a BVI, kowa ya riƙe kasonsa na hannun jari, wannan kamfanin kuma ya mallaki ƙananan kamfanonin da ke aiki a Kano da Istanbul. Kowane ƙaramin kamfani yana biyan harajinsa a inda yake aiki, uwar kamfanin ba ta ƙara musu wani harajin a sama. Irin wannan shi ne aikin da aka fi yi da kamfanin BVI: riƙe hannun jari, haɗin gwiwa tsakanin mutanen ƙasashe daban-daban, tara jari daga masu zuba kuɗi na waje, ko mallakar jirgin ruwa.

Idan kuwa niyyar ɓoye dukiya ce, zamanin ya wuce. A Afrilun 2016 aka fallasa takardu miliyan 11.5 na kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke Panama, kuma fiye da rabin kamfanonin da suka fito a ciki na BVI ne. A Oktoban 2021 aka sake fallasa wasu takardun miliyan 11.9, waɗanda aka yi wa laƙabi da Pandora. Jaridar Premium Times ta wallafa sunayen 'yan Najeriya daga dukkansu biyun. Mossack Fonseca kansa ya rufe a 2018. Tun daga nan kusan kowace shekara BVI na ƙara tsaurara dokokinta, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Wanda kasuwancinsa gaba ɗaya a cikin gida yake, kayansa a nan, masu sayensa a nan, ba ya bukatar wannan kamfani. Kuɗi kawai zai riƙa ci masa duk shekara.

Mataki na biyu: fara da dokar ƙasar da kake zaune

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tsada idan aka tsallake. BVI ta yafe wa kamfaninka haraji, amma ba ta da ikon yafe maka harajin ƙasarka.

Ga mazaunin Najeriya, doka tana bin kuɗin shigarsa duk inda ya same shi a duniya. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ƙara da cewa kamfanin da aka yi wa rajista a waje amma daga Najeriya ake juya akalarsa, kamfanin Najeriya ne a wajen haraji. Ka duba wannan da kyau. Idan kai kaɗai ne darakta, a ofishinka na Kano kake yanke shawara, a nan kake sa hannu a kwangila, to takardar Road Town ba za ta fitar da ribar daga hannun hukumar tara haraji ba. Kuma labarin zai iso gare ta, domin Najeriya da BVI duk suna cikin tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin ƙasashe da ake kira CRS. BVI ta fara musayar a 2017, Najeriya a 2020. Bankin da ke riƙe da kuɗin kamfaninka a Singafo ko Mauritius zai tambaye ka ƙasar da kake biyan haraji da lambar harajinka, kuma a yanayi da yawa zai aika da bayanin can.

Idan kamfanin zai yi kasuwanci a cikin Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta masa ya kafa wani kamfanin daban a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a nan ma sai an bayyana mutanen da ke da iko da shi. Kuɗin da uwar kamfanin za ta shigo da shi a matsayin jari, a tabbata banki ya ba da takardar shaidar shigo da jari a lokacin da kuɗin ya shigo, saboda da ita ake fitar da riba ta halastacciyar hanya daga baya. Ribar hannun jarin da za a tura wa uwar kamfanin kuma ana cire mata harajin kashi 10 cikin ɗari tun a nan.

Masu riƙe da muƙamin gwamnati nasu ya fi tsanani. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana shugaban ƙasa, gwamnoni da mataimakansu, ministoci, kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje, ya kuma wajabta wa ma'aikatan gwamnati bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Hannun jari a kamfanin BVI kadara ce, dole ta shiga fom ɗin. Mazaunin Nijar kuma ya sani cewa dokokin canjin kuɗi na yankin sefa sun sa buɗe asusu a wajen yankin sai da izinin hukuma.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe, ka kashe shi wajen ƙwararren mai ba da shawara kan haraji a ƙasarka, kuma ka karɓi shawararsa a rubuce.

Mataki na uku: nemi banki kafin ka nemi kamfani

Wannan zai zo wa wasu a baibai, amma haka ya kamata. Ana iya kammala rajista cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki, buɗe asusu kuwa yakan ɗauki makonni ko watanni, wani lokacin ma a ƙi. Kamfanonin BVI ba kasafai suke ajiya a tsibiran ba, asusunsu yakan kasance a Singafo, Hong Kong, Suwizalan, Mauritius ko Dubai. Kowane banki da nasa sharaɗin: wani yana son ajiyar farko mai kauri, wani sai ka je da ƙafarka, wani ba ya karɓar kamfanin ƙetare sam.

Akwai kuma abin da ya ƙara nauyin lamarin. A Yunin 2025 hukumar FATF mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta sa BVI cikin jerin wuraren da ake ƙara sa wa ido. Najeriya ta shiga wannan jerin a Fabrairun 2023, ta fita a Oktoban 2025. Tarayyar Turai ma ta taɓa sa BVI a baƙin jerinta na haraji daga Fabrairu zuwa Oktoban 2023. Ma'aikacin banki da ke duba takardunka duk yana da wannan a gabansa. Ka tuntuɓi banki biyu ko uku, ka bayyana musu tsarin kamfanin da irin kuɗin da zai riƙa shiga da fita, daga wace ƙasa zuwa wace ƙasa, ka ji ko za su karɓa. Idan babu mai karɓa, ka tsira da kuɗin rajistarka.

Mataki na huɗu: zaɓen wakili

Ba za ka iya yi wa kamfani rajista da kanka a BVI ba. Wakili mai lasisi ne kaɗai doka ta yarda ya shigar da takardu wajen magatakardan kamfanoni, ta na'urar da suke kira VIRRGIN. Ofishinsa shi ne adireshin kamfaninka a hukumance, a wajensa ake ajiye kundayenka, ta hannunsa gwamnati ke magana da kai. Muddin kamfanin na raye, sai da wakili.

Hukumar kula da harkokin kuɗi ta tsibiran, FSC, wadda aka kafa da dokar 2001, tana wallafa sunayen masu lasisi a shafinta. Yawancin masu tallan "kamfani cikin awa ashirin da huɗu" dillalai ne, ba su ne wakilan ba. Mu'amala da dillali ba laifi ba ce, amma ka tambaye shi sunan wakilin da zai riƙe kamfanin, ka je shafin FSC ka gani da idonka. Sannan ka nemi farashi a rubuce, na shekarar farko da na shekara ta biyu, domin wasu sukan sauke na farko su rama a na biyu. Ka tambayi nawa suke karɓa kan kowace takardar shaida, nawa kan rahotannin shekara, nawa kuma idan ka so komawa wajen wani wakilin. Manyan wakilai suna da rassa a Landan, Dubai da Hong Kong, abin da ke sauƙaƙa magana, tunda ƙarfe tara na safe a Road Town ƙarfe biyu na rana ne a Kano.

Mataki na biyar: takardun sanin ko kai wane ne

A nan aka fi ɓata lokaci, don haka bari in tsaya a kai. Wakili zai nemi waɗannan daga kowane darakta, kowane mai hannun jari, da duk wanda shi ne ainihin mai cin moriyar kamfanin: kwafin fasfo da lauya ko notari ya tabbatar, shaidar adireshin gida wadda ba ta wuce wata uku ba, sau da yawa wasiƙar shaida daga banki ko lauya, bayanin abin da kamfanin zai yi da ƙasashen da zai yi shi, da kuma bayanin inda kuɗin ya fito.

Tabbatar da fasfo ba buga hatimi kawai ba ne. Mai tabbatarwa zai rubuta cewa ya ga fasfon na asali, kwafin ya yi daidai da shi, hoton kuma ya yi kama da mai shi, sannan ya sa sunansa, muƙaminsa, adireshinsa, lambar wayarsa da kwanan wata. Jimla ɗaya ta ɓace, a dawo maka da takardar. Ka roƙi wakili ya aiko maka da kalmomin da yake so tun kafin ka je wajen lauya.

Shaidar adireshi tana ba mutanenmu wahala. Takardar kuɗin wuta takan zo da sunan mai gidan haya, ko sunan mahaifi da ya daɗe da rasuwa, adireshin kuma a ce "bayan masallacin Juma'a". Mafita ita ce takardar bayanin asusunka na banki mai ɗauke da cikakken adireshin gida, ba akwatin gidan waya ba. Sai rubutun suna. Fasfo ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Muhammadu. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen mai tantancewa a Tortola mutum uku ne. Ka bi rubutun fasfo a ko'ina, inda aka samu saɓani ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu.

Batun asalin kuɗi kuwa tambaya biyu ce. Ta farko: kuɗin da za a zuba a kamfanin daga ina ya fito? Ta biyu: dukiyarka gaba ɗaya yaya aka yi ka tara ta? "Kasuwanci" ba amsa ba ce. Ana son takardun kamfaninka na gida, bayanan banki, shaidar biyan haraji, yarjejeniyar sayar da fili idan fili ka sayar, takardar rabon gado idan gado ka ci. Wanda ya saba da cinikin hannu da hannu ba tare da rubutu ba, sai ya fara gyara wannan tukuna. Idan kai ko wani na kusa da kai yana riƙe da babban muƙamin siyasa, ka faɗa tun farko. Za a tsananta bincike, amma gano shi daga baya yakan sa wakili ya ajiye aikin.

Mataki na shida: suna, hannun jari da darakta

Ka ba wakili suna biyu ko uku ya duba wanda babu mai shi. Sunan zai ƙare da kalma irin su Limited, Ltd, Corporation, Inc ko S.A. Kalmomin da ke nuna banki, inshora, amana ko alaƙa da gidan sarauta suna bukatar izini na musamman.

Yawan hannun jarin da kamfanin ke da izinin fitarwa shi ke yanke kuɗin gwamnati. Tun daga Janairun 2023, kamfanin da bai wuce hannun jari 50,000 ba yana biyan dala 550 wajen rajista da kuma kowace shekara, wanda ya wuce haka yana biyan dala 1,350. Shi ya sa kusan kowa ke tsayawa a 50,000. Wannan adadi ba jarin da za ka ajiye ba ne, doka ba ta sa mafi ƙarancin jari ba, kana iya fitar da hannun jari ɗari kawai. Idan aka haɗa da ladan wakili da na ofishi, abin da za a biya a shekara yakan haura dala dubu.

Darakta ɗaya ya isa, kuma ba lallai ya zauna a BVI ba. Wasu sukan ɗauki daraktan haya ko mai riƙe hannun jari a madadinsu. Ka san cewa wannan ba ya ɓoye ka: doka ta ce a bayyana wanda ake riƙe wa. Hannun jari marar suna, wanda duk mai riƙe da takardar shi ne mai shi, an soke shi gaba ɗaya a 2023.

Idan ku biyu ne ko fiye, kada ku wadatu da kundin ƙa'idoji na gama-gari da wakili ke ba kowa. Ku sa lauya ya rubuta yarjejeniyar masu hannun jari: wa ke naɗa darakta, wace shawara ce sai kowa ya yarda, yaya za a yi idan ɗaya yana son sayar da kasonsa, ina za a kai rigima. Zumuncin ranar farko ba ya warware saɓanin shekara ta biyar.

Mataki na bakwai: rajista da kwanakin da ke biye da ita

Wakili zai shigar da kundin kafa kamfani da kundin ƙa'idojin gudanarwa, magatakarda ya fitar da takardar shaidar rajista mai lambar kamfani. Daga nan lissafin kwanaki ya fara. Bisa gyaran da ya fara aiki ranar 2 ga Janairun 2025, za a naɗa daraktan farko cikin kwana 15, a shigar da sunayen daraktoci wajen magatakarda cikin kwana 15 da naɗin. Kundin masu hannun jari da bayanin ainihin masu kamfanin za su isa wajensa cikin kwana 30. Duk wanda ke da kashi 10 cikin ɗari ko fiye, ko yake juya kamfanin ta wata hanya, yana cikin waɗanda za a bayyana. Hukumomi na iya ganin wannan bayani, sunayen daraktoci kuma duk mai rajista a na'urar zai iya samunsu idan ya biya kuɗin bincike.

Ka karɓi takardunka a hannu: shaidar rajista, kundayen biyu, rajistar daraktoci da ta masu hannun jari, takardun hannun jari, ƙudurin farko na daraktoci da hatimin kamfani. Banki zai ƙara neman takardar da wakili ke bayarwa mai nuna su wa ke riƙe da kamfanin a yanzu, kuma yakan so wadda ba ta daɗe da fitowa ba, don haka kada ka yi saurin karɓarta kafin bankin ya shirya.

Abin da ke kanka duk shekara

Kuɗin gwamnati yana da rana. Kamfanin da aka yi wa rajista tsakanin Janairu da Yuni yana biya kafin 31 ga Mayu, na Yuli zuwa Disamba kafin 30 ga Nuwamba. Wanda ya makara ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, idan ya wuce wata biyu ya koma kashi 50, idan ya ci gaba da shiru a soke kamfanin. A da kamfanin da aka soke yakan zauna shekaru kafin ya rushe, amma tun 2023 sokewa da rushewa tare suke zuwa, bayan gargaɗin kwana 90. Dukiyar da ta rage da sunan rusasshen kamfani gwamnati ce ke gadonta. Ana iya neman farfaɗo da shi cikin shekara biyar, amma da kuɗi da wahala. Gida ko hannun jari na miliyoyi yana iya maƙalewa saboda saƙon imel ɗaya da ba a buɗe ba, don haka ka ba wakili adireshin da kake dubawa kullum, ka ƙara da na mutum na biyu.

Sai rahoton kuɗi na shekara, wanda shi ma ya fara a 2023. Taƙaitaccen bayani ne na kadara, bashi, shiga da fita, ana miƙa shi ga wakili cikin wata tara bayan ƙarshen shekarar kuɗi. Ba a bukatar mai binciken kuɗi ya sa hannu, ba a kuma wallafa shi, amma idan bai zo ba wakili zai sanar da magatakarda. Rasit, kwangila da bayanan banki a adana su aƙalla shekara biyar, a kuma gaya wa wakili inda suke.

Na uku shi ne dokar 2018 da ta fara aiki a Janairun 2019, wadda ke neman wasu kamfanoni su nuna cewa da gaske suna aiki a tsibiran. Ta shafi sana'o'i tara: banki, inshora, sarrafa asusun zuba jari, ba da rance da haya, zama hedikwatar rukunin kamfanoni, sufurin jiragen ruwa, riƙe hannun jari, mallakar fasaha, da rarraba kaya ko hidima ga kamfanoni 'yan uwa. Kamfanin da aikinsa riƙe hannun jari ne kawai, sharaɗinsa da sauƙi, sau da yawa wakili da ofishinsa sun wadatar. Sauran kuwa sai da ma'aikata, ofis da kashe kuɗi a can, da taron daraktoci a can. A nan ne misalinmu na masu riɗi zai iya zamewa: ranar da uwar kamfanin ta ba ƙaramin kamfanin Kano rance mai kuɗin ruwa, ta shiga sahun masu ba da rance, sharaɗinta ya canza. Wanda ya kawo shaidar cewa kamfaninsa yana biyan haraji a wata ƙasa yana iya fita daga wannan sharaɗi. Ko sana'arka ba ta cikin taran, duk shekara za ka bayyana hakan ta hannun wakili, cikin wata shida bayan ƙarshen zangon lissafin kamfanin.

Kada kuma a ɗauka cewa rajistar BVI tana wanke kasuwanci marar tsabta. Kamfanin P&ID, wanda ya ƙulla kwangilar iskar gas da Najeriya a 2010 kuma masu sasanci suka yanke a biya shi dala biliyan 6.6 a 2017, a BVI aka yi masa rajista. Kuɗin ya kai wajen dala biliyan 11 da ruwa, amma a Oktoban 2023 wata babbar kotu a Landan ta gano cewa da zamba aka samu hukuncin, ta ba Najeriya gaskiya.

Maganar gado

Wannan ya fi damuna a kan duk sauran, domin iyali yake shafa. A dokar BVI, hannun jarin kamfanin yana zaune ne a tsibiran, ko da mai shi a Zinder ya rayu ya rasu. Magada ba za su iya taɓa shi ba sai sun sami izinin kula da gado daga kotun BVI, abin da ke bukatar lauya a can, takardun mutuwa da na dangantaka da aka tabbatar, da watanni na jira. Idan mamacin shi kaɗai ne darakta, babu mai sa hannu a banki, babu mai ba wakili umarni, ranar biyan kuɗin gwamnati kuma ba ta jiran kowa.

Dokar ta ba da hanya mai sauƙi. Wanda shi kaɗai ne mai hannun jari kuma shi kaɗai ne darakta yana iya ambata daraktan jiran gado, wanda ba shi da wani iko sai ranar da mai kamfanin ya rasu. Ka yi wannan tun ranar rajista. Masu dukiya mai yawa sukan sa hannun jarin cikin amana, wato a hannun wani amintacce da zai riƙe shi don amfanin waɗanda aka ambata, akwai ma doka ta musamman ta 2003 a kan haka, amma Musulmi ya zauna da malami da lauya tare kafin ya sa hannu, don kada tsarin ya tauye wa wani magaji rabon da Shari'a ta ba shi. Zakka ma tana nan a kan dukiyar duk inda aka ajiye ta. Mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka rubuta sunan kamfanin, lambarsa, sunan wakili da na banki, ka ajiye inda amintaccen mutum a gidanka ya sani.

Idan aikin kamfanin ya ƙare

Mutane da yawa sukan daina biya kawai su bari a soke shi. Ya fi arha, amma nauyin daraktoci da masu hannun jari ba ya sauka da hakan, mai bin bashi kuma yana iya zuwa kotu ya nemi a farfaɗo da kamfanin. Hanya mai tsabta ita ce rufewa da gangan: daraktoci su sa hannu cewa kamfanin zai iya biyan duk bashinsa, a amince da tsarin rufewa, a naɗa mai rufewa, wanda tun 2023 doka ta ce ya kasance ya zauna a BVI aƙalla kwana 180 kafin naɗinsa. Zai yi sanarwa ga masu bin bashi, ya biya su, ya raba saura ga masu hannun jari, magatakarda ya ba da takardar rushewa. Kafin a kai nan, a kwashe kuɗin da ke banki a rufe asusun, a mayar da duk wata kadara zuwa sunan wanda zai karɓe ta, a kuma sanar da hukumar harajin ƙasarka abin da ya shigo hannunka daga rabon.